Teburin da Ya Fi Ƙofa Faɗi

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar? Matata da 'yan biyu suna gaisuwa, kullum sai sun leƙa ɗakin da muka gyara miki sun tambaya ko kin iso.

Mama, na gama da maganar kwashe kaya. Na samu wani kamfani a intanet, mun yi magana ta waya. Ranar sha biyu ga wata za su zo su naɗe komai da kansu, su loda, su tsallako da shi iyaka har ƙofar gidana. Ke jakar hannunki kawai za ki riƙe. Jirginki ranar ashirin.

Sai dai teburin karatu. Na gaya musu girmansa, sun ce ba zai fita ta ƙofa ba. Falona nan kuma bai kai rabin naki ba. Ki bar wa wanda zai shiga gidan, in kin zo zan saya miki sabo.

Na rubuto ne tunda kin ce magana mai nauyi ba a yin ta a waya.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka gaida uwarsu.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da jan biro a hannuna. Tsohuwar malama ba ta barin hali.

Bari in tuna maka, tunda ka manta. Babanku ne ya haɗa teburin nan a cikin falon nan shekara talatin da suka wuce. Katako ɗaya-ɗaya ya shigo da shi daga shagonsa. Yara goma sha biyu yake ɗauka, shida nan, shida can. A kansa na koya wa rabin unguwar nan karatu, har da kai. Shi ne kake cewa in bar wa baƙo ya ɗora tukwane.

Na kira kamfanin naka. Tambaya uku na yi wa yaron da ya ɗauka. Na ce yaushe za su zo su ga kayan da idonsu? Ya ce hoto ya isa. Na ce in an kai iyaka, hannun wa kayana za su koma? Ya ce suna da abokan hulɗa a can. Na ce su wa? Ya ce zai bincika. Na ce in abu ya fashe a hanya, wa zan kama, su ko abokan hulɗar? Ya ce wannan ma zai bincika.

Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani: wanda bai ga kaya ba, bai san motar da zai kawo ba. Wanda kuma zai miƙa amanarka ga wanda bai san sunansa ba, ba kwashe kaya yake yi ba, watsa su yake yi.

Na ce kada su zo. Ni zan nemo kamfanina. Tebur kuwa, ƙafata ƙafarsa.

Mahaifiyarka

*

Auta na Mama,

Ya gida, ya aiki, ya sanyin zuciya? Ka tanadi na ƙarshen, za ka buƙace shi.

Jiya kamfani na biyu suka aiko mutum. Wannan dai ya zo da kansa, da farar riga da tef ɗin awo, ya zaga ɗakuna yana rubutu. Har Mama ta fara sakin fuska. Ya amsa tambayoyinta biyu daidai, ta ce in kawo masa ruwa. Da ya zo kan teburin, ya auna shi, ya auna ƙofa, ya auna taga, sai ya ce ai abu ne mai sauƙi, suna da zarto a mota. A raba shi biyu, in an isa a ɗaure da ƙarfe ta ƙasa, a shimfiɗa masa mayafi, ba mai ganewa.

Ka san kallon nan da take yi ta saman tabarau. Ta ce masa, "Ɗana, in ƙofa ta yi maka kaɗan, kai ma raba ka ake yi?" Ta karɓe kofin bai gama sha ba, ta raka shi har bakin titi da sandarta.

Ni dai shawara nake ba ka. Kada ka kuskura ka ce wa teburin nan katako. Na gwada, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Kai kana can kana danna waya, ni ce nan cikin kwalaye da ita.

Yayarka

*

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara.

Yaya ta ba ni labari. Mama, ba tebur nake jira ba, ke nake jira. Wata huɗu na yi ina bin layi kafin likitan gwiwa ya ba mu ranar ashirin da biyar. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, kina zaune ke kaɗai, kina hawa matakala da ƙyar. Da yana nan, na tabbata ba zai yarda ki zauna ciwo saboda abin da ya sassaƙa ba. Shi da kansa ya gina shi ya fi ƙofa, ke nan bai yi nufin ya fita ba.

Ban taɓa yi miki musu ba, amma wannan karon ba zan ɗaga ranar jirgi ba.

Ɗanki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa, afuwa kuma na yi maka. Wanda ya ce yana biyayya a ƙasan takardar da ya yi musu a samanta, ɗana ne, ba shakka.

Yau kamfani na uku suka aiko mutum. Mace ce, ba ta kai yayarka ba. Ta bi kayana ɗaya bayan ɗaya ta rubuta, har cokula, ta ce jerin nan shi kwastan za su gani, abin da ba ya ciki shi ke jawo a sauke mota a iyaka. Motarsu ce za ta ɗauka, direbansu ne zai tsallaka, ta rubuta min sunan wanda zai sauke a wajenku da lambarsa. Inshorar ma ta karanta min ita, har ƙananan rubutun.

Da ta zo kan tebur, ba ta ciro tef ba. Ta tambaye ni wa ya yi shi. Na ce mijina, kafinta. Sai ta ajiye jakarta, ta kunna tocilar waya, ta kwanta rigingine ta shige ƙarƙashinsa. Ta daɗe. Daga can ta ce, "Mama, ai babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa."

'Yan turakun itace ne suka riƙe shi, Auta. In an bubbuga su da guduma ta katako, sai ya warware gida tara, kowane ya fita ta ƙofa salin-alin. Kowace mahaɗa kuma da lambarta da fensir, ɗaya zuwa sha takwas, don a san yadda za a mayar. Shekara talatin ina zaune a kansa ban taɓa leƙa ƙasa ba. Ka ce bai yi nufin ya fita ba. Tun ranar farko ya shirya masa tafiya.

Ta ɗauko min hoto, ga shi na haɗo maka. Ka duba lambobin da kyau. Ba rubutun babanku ba ne. Takwas ce mai ƙwallo biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda na yi shekara guda ina fama da wani ɗan shekara shida ya daina. Ina makaranta kuka yi aikinku, kai da shi, ba wanda ya gaya min.

Yanzu ga inda muke. Katako ba ya tsallaka iyaka sai an yi masa feshin maganin ƙwari an ba da takarda, kuma sai an yi mako uku. Ba zan hau jirgi ba sai na ga gida taran nan cikin mota da idona. In ba ka ɗaga ranar ba, kujerata ta tafi ba kowa, ta gaishe ku. Gwiwar da ta yi haƙurin shekara biyar za ta yi na mako uku.

Mahaifiyarka

*

Mama,

Ina gaisuwa.

Na ɗaga jirgi. Likita ya ce sai tsakiyar watan gobe, na ce to. Na fitar da doguwar kujera daga falo, na auna, zai shiga, sai dai mu riƙa bin gefe.

Ki roƙe su kada mai feshin ya goge fensirin. Ki kuma gaya wa matar nan kada ta turo kafintansu ya haɗa shi. Na sayi guduma.

Ɗanki,
Auta