Ku Karɓi Yayana da Taɓon Gonarsa

Zuwa ga Shugaban asibitin da ke kula da ƙauyukanmu na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, na zaɓi in yi maka wannan magana a bainar jama'a don ba gidanmu kaɗai ta shafa ba. Ni manomin rani ne, tumatir da albasa, karatuna bai wuce sakandare ba. Ina da wa guda ɗaya, Yaya Haruna, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Sau biyu yana leƙa kabari, sau biyun kuma asibitinka ya miƙo masa takarda aka ce lafiyarsa ƙalau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga yadda aka yi.

Na farko. Bara da rani, rina ta harbe shi a wuya a cikin rumfar da muke ajiye injin ban ruwa. Wane ne a cikinmu rina ba ta taɓa harbi ba? Mutum ya shafa laka a wurin, ya yi tsaki, ya ci gaba da aiki. Shi kuwa Yaya kafin a ce kwabo fuskarsa ta ɗauki zafi, ciki ya murɗa, ya yi amai, ya zauna a bakin kwarin ruwa, sai muka ga ya sulale. Muka yi abin da muka gada: inuwa, yayyafa ruwa, fifita da hula. Allah ya sa ya farfaɗo da kansa. Asibiti kuwa sai washegari, bayan ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, domin a wajen mutanenmu abin kunya ne ka tsaya gaban likita da taɓon gona a ƙafa.

Mun tarar da wata likita matashiya mai bautar ƙasa. Ta saurare mu da kyau, ta ce da ma tun jiya muka zo, sannan ta rubuta wani gwajin jini mai suna tiriftes. A ƙofar ɗakin gwaji muka ci karo da dokarku: jinin da za a aika nesa, ranar Talata kaɗai ake ɗiba, da safe, kafin mutum ya karya, saboda ranar ce mota ke shiga Kano. Muka dawo Talata. Bayan makonni sakamako ya fito, lambarsa huɗu, iyakar da aka buga a takardar kuma sha ɗaya da 'yan kai. Wanda ya miƙo mana ya duba ya ce babu komai, rana ce ta buge shi.

Na biyu. Lokacin tsinkar tumatir rina ta sake samunsa, wannan karon a hannu. Faɗuwar ta fi ta farko muni. Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, bisa kwandunan da ba a cika ba. A hanya, da ɗan sauran numfashin da ya rage masa, ya riƙo rigata ya ce, "Sabi'u, ku tsaya a kanal in wanke ƙafata." Ban san lokacin da na yi dariya da hawaye tare ba, na ce wa direba ya ƙara wuta.

Likitar nan ce a bakin aiki. Ta caka masa allurar adirenalin a cinya. Ranka ya daɗe, na ga mutumin da leɓensa ya yi toka-toka, idonsa ya kafe, yana dawowa a gabana har ya tambayi ina hularsa. Awa ɗaya ba ta cika ba ta ɗebi jininsa da hannunta, ranar Alhamis da azahar, ga tuwo a cikinsa, ta sa aka ajiye a firij har ranar mota. Daga baya na ji an yi mata faɗa don ta karya doka. Kafin sakamako ya dawo ta gama shekararta ta tafi. Lambar ta fito goma. Aka sake kallon iyakar nan ta sha ɗaya, aka sake ce mana lafiya lau. Yaya ya naɗe takarda ya ce to alhamdulillahi, gobe sai gona.

Na uku, zuwanmu birni. Innarmu ce ta ƙi. Ta ce, "Mai lafiya lau ba ya zubewa kamar buhu. Ruwa ba ya tsami banza, ku kai shi birni." Muka kwashi takardun biyu muka je wani babban asibiti a Kano. Likitan da ya gan mu bai fara da kallon lamba ba, tambaya ya yi: wanne aka ɗiba yana tsaye da ƙafarsa, wanne aka ɗiba yana kwance, kuma bayan harbin da wane tsawon lokaci? Daga nan ya yi mana bayanin da har yau nake juya shi a raina in ina ban ruwa.

Ashe a jikin kowannenmu, ƙarƙashin fata da cikin hanji da hanyar numfashi, Allah ya zaunar da wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, likitoci na kiransu mast. Ido ba ya ganinsu, amma kowace tana ɗauke da 'yan jakunkuna cike da sinadarai. In baƙon abu ya shigo, sai su kwance bakin jaka. Na wasu mutane, irin Yaya, zazzage komai suke yi a lokaci ɗaya, jijiyoyin jini su saki, mutum ya faɗi. Tiriftes ɗin nan yana cikin abin da suke zubarwa, shi ne sawun da suke bari a jini. Sai dai sawun ba ya daɗewa: cikin awa ɗaya ko biyu ya kai ƙololuwa, bayan 'yan awoyi ya fara gushewa, washegari kamar ba a yi ba. Kuma babu ruwansa da ko mutum ya karya kumallo ko bai karya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kowane mutum yana da tasa lambar ta zaman lafiya. Wani tasa uku, wani takwas. Akwai zuri'ar da tasu take sama tun haihuwa, wasunsu har su tsufa ba su taɓa faɗuwa ba. Ciwon ƙoda ma yakan ɗaga ta. Wanda tasa ta zauna sama da ashirin kullum, sai a binciki ɓargonsa ko masu gadin ne suka yi yawa. Saboda haka ba da mutanen gari ake auna Yaya ba, da kansa ake auna shi. Likitan ya ɗauki huɗun nan, ya ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar ɗinta, ya ƙara biyu, abin bai kai bakwai ba. Ya ce duk lambar da ta wuce nan a lokacin faɗuwa shaida ce masu gadin sun zazzage jaka. Ga Yaya da goma.

Nan take na gane, don mu ma mun san wannan. Tashin ruwa kamu ɗaya a babban kanal ba wanda zai lura, amma kamu ɗaya a ɗan kwarin gonata ya shafe mini albasa. Jinin da bai cika cokali ba ya riƙe labarin abin da ya faru a bakin rumfa, ya kai shi har birni. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan halitta. Gaskiyar tana rubuce tun a asibitinka, lambobi biyu, kowace ita kaɗai tana cewa lafiya, sai an jera su suke faɗin cewa mutum yana bakin mutuwa. Babu wanda ya jera su.

Yanzu ana ci gaba da binciken Yaya a Kano, an kuma ba shi allurar adirenalin ɗin nan yana yawo da ita, an koya mana yadda ake yi. Da mun tsaya a kan "lafiya lau" ɗinku, da hannu rabbana zai koma rumfar. Wannan ne ke hana ni sukuni, kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Ga roƙona. A cire wannan gwaji daga dokar Talata, duk wanda aka kawo ya faɗi bayan harbi ko cin wani abu ko shan magani, a yi masa allura tukuna, sannan a ɗebi jininsa a take, a rubuta lokacin. A sake ɗiba in ya warware da kwana ɗaya ko fiye. Kada a sallami kowa da sakamako sai likita ya haɗa biyun ya duba. Allurar adirenalin kada ta yanke a asibitin. Likitar da aka yi wa faɗa kuma, a nemi inda take a gode mata. Mu a namu ɓangaren na fara bin masallatai da wuraren awon tumatir ina gaya wa 'yan'uwa su bar wanka da neman rigar Juma'a.

Rina ta sake yin gida a rumfar, mun ƙone shi, ta koma bishiyar gwaba ta yi wani, kuma ba ta san ranar Talata ba. Yaya ba zai bar gona ba, da ita yake ciyar da mutum tara. Jiya muna cin abinci a bakin kwari ya ce da ni, yana kallon ƙafafunsa, in abin ya sake zuwa in kai shi yadda yake, ya haƙura da kunyar. Shi ya bar tasa al'adar, ranka ya daɗe, saura taku. Ranar da kuka gan mu a ƙofa, ku karɓe shi da taɓonsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a aikinka, ya sa hannunka ya zama sanadin tsira ga bayinsa.

Wassalam.

Naka, Sabi'u ƙanen Haruna, manomin rani.