Motar da Ta Zame Gefen Titi

Ƙarfi,
Ƙaramar Hukumar Malumfashi.

Zuwa ga 'yata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Maijidda, zazzaɓin ya sauka? Mu nan sai godiyar Allah.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba. Ki yi haƙuri, bakina ne ya kasa, shi ya sa na rubuto.

Abin da kika ji gaskiya ne, mota ta buge aminina, wanda kuke kira Baba Lawal. Ranar kasuwa da hantsi muka hau kekunanmu za mu Malumfashi, yadda muka saba tun ba a haife ki ba. Yana gaba ina biye, ya ɗaure kaji a bayan kekensa. Kin san ba ma shiga tsakiyar kwalta. Can bakin titi muke raɓawa, inda masu keke da masu tafiya a ƙasa ke bi. Sai wata motar haya ta taho ta bayanmu tana zamewa a hankali zuwa inda muke. Ba wani gudu take ba, ba kuma rami ta kauce wa ba. Iskarta ta kaɗa mini riga, ta wuce ni, ta kwashe shi.

Yana asibiti. Ƙugunsa ya karye, kansa ya bugu. Yakan farfaɗo ya gane mutane, ya sake komawa.

Ummu, na gane motar tun kafin ta tsaya. Yayanki Murtala ne ke tuƙa ta. Ya ce waya ce ta yi ƙara, ya sunkuya ya duba mai kira. Shi ya ɗauki Lawal ya sa a mota, yana kuka yana cewa, "Baba! Baba!" Har yau ban san da wanenmu yake ba.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaishe da maigidanki.

Mahaifinki,
Malam Mati

*

Zuwa ga 'yata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ta'aziyyarki ta iso, Allah Ya ba da lada.

Ina gefen Lawal ya cika. Maganarsa ta ƙarshe da ni, kada a wahalar da yaron. 'Ya'yansa sun je wurin 'yan sanda sun ce sun yafe, aka saki Murtala. Ya ajiye tuƙi. Yana ɗaki, abinci sai mahaifiyarku ta tsaya a kansa.

Kowa ya yafe ban da ni. In ya gaishe ni da safe nakan kau da kai. Na san ƙaddara ce, na sha faɗa wa wasu haka, amma da na dubi hannunsa sai in ga wayar. Kekena ma na jingine, ko ƙarar mota na ji a bayana sai in sauka daga titi.

Shekaranjiya Hansai, matar marigayin, ta aiko in je, da yake tana takaba. Daga bayan labule ta ce, "Malam Mati, shi mai ran ya yafe kafin ya tafi, ni ma na yafe. To kai riƙon wa kake yi? Mun binne ɗaya, kada ka sa mu binne biyu." Na taso na dawo gida.

Jiya aka yi gayyar girbe dawar Lawal. Ba wanda ya kira Murtala, amma ya zo da ƙafa, ya koma can ƙarshen gona shi kaɗai yana ta yanka. Da rana ta take aka kawo kunu, kowa ya nemi inuwa, shi bai ɗago ba. Na ɗebi kunu a ƙwarya na kai masa. Ya miƙo hannu, ya kasa riƙewa. Ni na tallafa masa har ya sha.

Ban ce zuciyata ta huce ba, Ummu. Amma in maigidanki ya yarda, ki zo ki kwana biyu. Yayanki na bukatar wanda zai yi masa magana, ni kuwa ban samu kalmar ba tukuna.

Allah Ya ji ƙan Lawal, Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Malam Mati