Yashin Gwada Iska

Longsight, Manchester

Kawu Ashafa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya Inna Mero da ciwon gwiwarta? Yaya mutanen Timiya?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Aikin care home, gidan kula da tsofaffi, akwai tsayuwa, kuma tun da na zo ƙafata ba ta yi ɗumi ba, amma ana sabawa.

Ranar Asabar na fita bayan gari da tsohuwar kyamararka. Na hango barewa uku a gindin tudu. Sai na durƙusa in ɗebi yashi in saki, in ga inda iska ta nufa, yadda ka koya mini a kwazazzabo lokacin da muke bin ragon dutse. Kawu, laka na damƙo. Ina tsugune ina kallon hannuna har suka tafi, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Abokina Ishaq zai taho nan daga wajenku wata mai zuwa. Ku bar kilishin da za ku aiko mini, ba a barin a shigo da shi. A ƙullo mini yashin kwazazzabon nan, ko cikin tafin hannu ne.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Rayyan