Ni na tura tayoyin tirelar gaba, direba ya ɗauki laifin

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, na kuma sauya sunayen mutanen. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni mai walda ne a Jega. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, wato bara waccan, Alhaji Mamman, wani babban mai fataucin albasa a Aliero, ya zo shagona. Ya ga wata tirela a wajen masu haƙa rijiyar burtsatse, irin wadda mota ke ja, in an tsaya a buɗe ta ta zama rumfa da gado, in za a tafi a naɗe. Ya ce ya gaji da kwana a kan buhu a kasuwanni, irinta yake so, har da tankin ruwa da wurin buhu goma. Ni da ban taɓa cewa ban iya ba? Wata biyu na yi a kanta, mutane har daga Katanga suna zuwa kallo, kaina ya kumbura.

Ranar da muka ɗaura ta a bayan motarsa, wata ƙaramar a-kori-kura, bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa ƙasa. Nan take na san motar ta yi wa tirelar kaɗan. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, mi ya faru? Ko aikin naka ad da matsala?" Maganar gaskiya a nan guda ce, ko a rage tirelar ko a nemi babbar mota. Amma ga jama'a tsaye, sai na ce, "Ƙaramin gyara na, Alhaji, ka ba ni kwana biyu." Na yanke ƙarfen da ke riƙe da tayoyin tirelar, na tura shi gaba kamar taki biyu, na shafe wurin da fenti. Nauyi ya koma baya, mota ta miƙe tsaf, aka yi ta yaba mini. Shin ban san tirela mai nauyi a baya tana kaɗa wutsiya ba? Na sani. Tun ina koyon aiki maigidana ya taɓa marina a kan wannan.

Tafiyarsu ta uku, a gangaren da ke bayan Maiyama, tirelar ta fara lilo, ta fizgi motar ta kifar. Haruna ƙanen Alhaji yana zaune a bodi, nan ya cika, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ɗanjuma direba ya karye a cinya, masu ɗori na Aliero suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma har yau da sanda yake tafiya. Kowa ya ce gudu yake yi. Ina zaune a wajen zaman makoki ana tsine masa, ni kuwa ina ta jan carbi. Tun daga nan ba wanda ya sake ba shi mota.

Abin da ke cina shi ne shi ma ya yarda da laifin. Yanzu rake yake sayarwa kusa da shagona. Ran nan ya ce mini, "Wallahi ban tuna na yi gudu ba, amma tunda mutane sunka ce, haka na. Ni na kashe Haruna. Ka riƙa sa ni addu'a, kai mutumin kirki na." Ya miƙo mini rake kyauta. Na karɓa, jama'a, har godiya na yi. Wane irin mutum ne ni? Kunya ta hana ni ci, na kai gida na jefa wa awaki.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da na mutu da ita a ciki. To, makon jiya Alhaji ya sa aka jawo gawar tirelar zuwa ƙofar shagona. Ya sayi wata motar, girmanta ɗaya da waccan, kuma babban ɗansa Bashir ne zai riƙa tuƙi, wai ya daina yarda da direbobi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Maishe ta yadda take, kak ka sake komi. Aikinka ba shi da laihi."

In na mayar da tayoyin inda ya kamata, bayan motar zai zauna a gaban kowa, Alhaji kuwa ba yaro ba ne, zai tuna kwana biyun nan da na nema. In na faɗi gaskiya, ban san da wane ido zan dubi matar Haruna da Ɗanjuma ba, ban ma san ko zan iya zama a Jega ba. In na yi shiru na gyara ta yadda take, Bashir zai bi gangaren nan da ita. Na ce wa Alhaji ba wuta, na ce ƙarfe ya yi tsada, dabarata ta ƙare. Ranar kasuwar Jega zai zo ɗauka, kuma Ɗanjuma da kansa ya ce zai taya ni riƙe ƙarfe in ina walda.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?