Kunnuwan karyar Madam

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, shawara nake nema, don abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni kuku ne a gidan wani Bature malamin makaranta a unguwar Kongo, nan Zariya, na daɗe tare da su har furfura ta fara fito mini a gaban murhunsu. Matarsa, Madam, tana da wata 'yar karya mai suna Mimi, irin da suke kira sifaniyal, wai har takardar asali gare ta, abin da ni da ubana ba mu da shi. Ba ta gadi, ba ta farauta, ko ɓera ta gani sai ta ruga ƙarƙashin kujera. Duk darajarta a kunnuwa take, dogaye masu gashi, suna jan ƙasa kamar gezar rawani. Kullum Madam sai ta taje su, in an yi baƙi su ake fara nuna musu. Lokacin da ɗana ya yi ƙyanda na faɗa mata, abin da ta fara tambaya shi ne ko kare yana ɗauka. Ban manta ba, amma na haƙura, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da za su tafi hutu Ingila farkon damina sai ta damƙa mini Mimi amana. A dafa mata hanta da shinkafa, kada ta sha rana, a cire kaska, a goge cikin kunnen a ɗiga magani. Bayan tafiyarsu aka zo sake rufin gidan, dole na kawo ta gidana a Tudun Wada. Matata ta ce in dai tana raye kare ba zai shiga ɗakin da take salla ba, ban ga laifinta ba, na yi wa karyar rumfa a bayan zaure. Mutanen majalisa suka sa mini suna Sarkin Karnuka, wasu ko hannu suka daina ba ni. Duk na shanye.

Da ruwa ya zauna sai kunnuwan suka fara wari. Maganin Madam ya ƙare, ƙarangiya ta cika gashin, ƙudaje suka ci bakin kunnen har ya zama gyambo. Tana kaɗa kai tana kuka, ta daina cin hantar da 'ya'yana suke tsayawa suna kallo. Na je wurin likitan dabbobi aka ce ya fita rangadin allurar shanu, wanda na tarar a ofis dariya ma ya yi mini. Ranar nan na hau keke zuwa Sabon Gari, wurin wani Ibo mai kantin magani, ya ba ni wani ruwa shuɗi ya ce in gwada.

Kafin in dawo ashe Baba ya zo daga Gyallesu. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina maraya, shi ya yi mini aure, kuma tsohon mafarauci ne, karnukan da ya riƙe ba su ƙirguwa. Ya ji kukan karyar, ya duba, ya ce wa matata ta miƙo masa toka. A wurinsu kare mai dogon kunne ba kare ba ne, tun yana ɗan kwikwiyo ake yankewa saboda ƙuda da ƙaya. Ya fito da askarsa ya yanke su duka biyun.

Na shigo na ga Mimi da kai kamar na 'yar akuya. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Ya ce shi taimakona ya yi, ya ga na rame a kan dabba, kuma Baturen da ya bar kare da wannan dogon kunne bai san kare ba. Na ce ba a tambaye shi ba. Ya dube ni ya ce ranar da ya ɗauke ni daga ɗakin uwata ma ba wanda ya tambaye shi.

Yanzu bakin yankan ya bushe, ta koma cin abinci, amma kunnen hagu har yau yana ruwa, kuma in ta ga mai babbar riga sai ta ɓuya tana rawar jiki. Jirgin ƙasan da zai kawo su Madam daga Ikko zai iso mako mai zuwa. Na san Madam. In na ce ni na yi, ranar zan bar aiki, ba takardar shaida, kuma ba gidan Baturen da zai sake ɗaukata a Zariya, ga yara ga tsufa. In na faɗi gaskiya, matar da ta sa aka kulle mai wanki saboda tawul ba za ta bar Baba ya kwana gida ba. Wani abokina ya ce in kai karyar ƙauye in ce maciji ya sare ta, amma amana ce, kuma ita dabbar me ta yi mini? Abin da ke ci mini rai, shekarun nan duka ban taɓa ƙona mata miya ba, ga shi za a auna ni da fatar kunnen kare.

Jama'a, wanne zan ɗauka? In rufa wa tsoho asiri in rasa abincin 'ya'yana, ko in miƙa wanda ya riƙe ni? Ku taimaka da wuri, don Baba bai san abin da ke jiransa ba. Jiya ya aiko jikansa ya ari hulata ta Juma'a, ya kai rigarsa wurin mabugi. Wai zai bi ni tasha ya tari Madam, don kada ta rasa wanda za ta yi wa godiya.