Hoton da Mamanki Ta Ɓata

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata mai wawulo. Ki gaya mata saƙonta ya iso, wai in aiko da hoton marigayiya kakarta ta gani ko ta fi ta kyau. Kin san abin da ruwan bara ya yi wa akwatin ƙarƙashin gado. Takardar sallamata daga aiki ce kaɗai ta tsira, ita da ba wanda ya taɓa neman gani.

Kamar kullum, a takarda na rubuta zan ɗauka in turo, don babban yatsana in ya taɓa harafi ɗaya a waya sai maƙwabtansa biyu su biyo shi.

Zaurukan intanet na masu son jirage da kika jefa ni ciki don in rage zaman kashe wando, yau na yi magana a cikinsu. Hoton Mai Tari nake nema. Wani tsohon jirgi ne mai farfela biyu da na yi shekaru ina loda wa kaya. Ba ya tashi sai ya yi gyaran murya kamar suruki a ƙofar gida. A zamanin akwai wasu mutane da ke tsayawa bakin wayar filin jirgi da kyamarori, rana na gasa su, muna yi musu dariya. Ƙila wani cikinsu ya ɗauke shi.

Saƙo ɗaya na rubuta da Turancina na 'yan dako, na manna shi a zaure uku, kamar mai tallan maganin basir da ke bin kowace mota da magana guda.

Ki huta lafiya.
Babanki

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga labarin farautata.

A zauren matuƙa ba wanda ya amsa sallama. Ɗaya ya gyara mini sunan jirgin, wani ya ce nan ba wurin tsofaffin labarai ba ne, mai kula da zaure ya share saƙon. Ban ji haushi ba. Da ma can in sun wuce mu da hulunansu, gira ɗaya suke ɗaga mana, mu raba.

Makanikai kuwa hannu bibbiyu suka karɓe ni. Sai wani ya ce tarin nan laifin mai ne, wani ya ce ƙarya ne, fulogi ne. Kafin la'asar sun kai ga gorin wanda ya koya wa wani riƙon sifana, ni kuwa an manta da ni kamar baƙon da ya zo gidan da ake rabon gado. A bakinsu dai na ji an daɗe da yanka Mai Tari an sayar da ƙarfen. Ki riƙa lallaɓa tukunyarki, ƙila abokin aikina ce.

Zauren masu ɗaukar hoto ya fi ɗakin tiyata tsabta. Sarkin zauren ya ja mini kunne, ya ce sun ga saƙon nan a wasu wurare, su ba a kawo musu ragowa. Duk da haka suka tambayi lambar da ke jikin wutsiya, na faɗa, sai ga hotuna kamar ruwa. Mai Tari ta gaba, ta gefe, a sama, a ƙasa, yana sheƙi yadda ban taɓa ganinsa ba. Ko mutum ɗaya babu a ciki. Ashe doka ce a wurinsu: hoton da mutum ya shiga ya ɓaci, ba a nuna shi.

Na yi godiya dai. Buƙata ta biya, ko?

Babanki

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma kana shan maganin a kan lokaci.

Baba, ba jirgi kake nema ba. Mama ta sha ba ni labarin yadda take kai maka abincin rana bakin wayar nan, daidai inda Mai Tari ke tsayawa. Kuma zuwana na ƙarshe na ji ka ta taga kana tambayar Gwaggo ko wushiryar Mama a sama take ko a ƙasa, kana dariya kamar wasa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ni ma haka.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka bar matuƙa da makanikai su huta. Ka koma wurin masu hoto kaɗai, ka gaya musu abin da ya ɓace maka. In sun share, sun share.

Jikarka na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jira.

'Yarka

Uwata,

Gaisuwa. Ashe kunnenki na nan yadda na san shi tun kina laɓewa bayan labule.

Gaskiya ce. Muryarta na nan, har faɗan da take mini in na bar takalmi a ƙofa ina ji. Fuskar ce in na kamo ido sai baki ya suɓuce.

Na rubuta musu, ban yi wa saƙon kwalliya ba. Na ce ni mai lodin kaya ne, matata ta rasu, ruwa ya cinye hotunanta, ko akwai wanda wata mace mai kwano ta taɓa ɓata wa hoto. Na zauna jiran kora.

Sarkin zauren nan mai jan kunne shi ya ɗaga saƙon ya kafe shi a sama. Ya ce an jingine doka, kowa ya zazzage ɓatattunsa. Uwata, ashe ba sa zubarwa! A kwali suke ɓoye su kamar abin kunya. Sai ga mutane sun cika filin: masu shara, masu zuba mai, direban tarakta da ya rasu tun kina goye, da wani malalaci yana barci ƙarƙashin fiffike. Na rantse musu ba ni ba ne. Ni ne.

Wani dattijo ya rubuto mini a gefe. Ya ce yana tuna wata mace da kullum take tsayawa daidai inda yake son kafa kyamara. Ran nan ya roƙe ta ta matsa, sai ta ce masa, "Kai ƙarfe ka zo gani, ni mutum na zo gani. Kai za ka matsa."

Ban tambaye shi kamanninta ba. Wannan bakin ko a cikin dubu na san shi.

Ya ce kwalayensa na kan silin, gwiwoyinsa kuma irin nawa ne, sai ɗansa ya zo zai sauko da su. Bai yi alkawarin hoton na nan ba. Kada ki gaya wa amarya tukuna.

Babanki

Uwata,

Gaisuwa a gurguje. Hoton ya zo.

Mamanki ta rufe rabin Mai Tari da kafaɗarta. Kwanon na hannunta, ta juyo tana yi wa mai kyamara dariyar wadda ta ci gardama. A sama wushiryar take. Ni ma ina ciki: ki duba ƙarƙashin cikin jirgin, ƙafafu biyu masu gwame, su ne babanki.

Dattijon har haƙuri ya ba ni, wai jirgin bai fito da kyau ba.

Ki gaya wa amarya ta yi haƙuri, an fi ta kyau.

Wannan ban manna shi a zaure uku ba. Ke kaɗai na tura wa.

Babanki