Surukata Za Ta Tafi da Yarimana

Anti, don Allah ki agaza mini kafin ƙarshen makon nan, domin idan ya wuce shawara ba za ta yi mini amfani ba. Na san za ki yi dariya. Ƙanwata ma da na zata za ta tausaya mini sai da ta riƙe ciki.

Ban daɗe da aure ba. Maigidana mai gyaran firji ne, da safe yake fita, sai yamma ya dawo yana warin man inji. Ni kuwa abokan hirata littattafan soyayya ne. Ranar da na ƙona tukunya saboda jarumin littafi yana tsaye cikin ruwan sama yana jiran amsar masoyiyarsa, maigidan bai yi faɗa ba. Washegari ya kawo mini wata 'yar na'urar gem ta hannu, mai buɗewa kamar madubin kwalliya. A cikinta akwai wasan kiwon kare.

Bari in gaya miki yadda wasan yake, ko wata za ta amfana. Za ki zaɓi ɗan kwikwiyo, ki raɗa masa suna da bakinki, ki yi ta kira har ya gane muryarki. Da wani ɗan tsinken roba ake shafa shi, a ba shi abinci, a yi masa wanka. Idan kin sa na'urar a jaka kin fita, tana jin takunki, sai ta ɗauka yawo kika kai shi. Aibinsa, kiɗan guda ɗaya ne kamar na motar mai askirim, caji ba ya daɗewa, karen kuma ba ya girma har abada. Amma idanunsa, Anti! Irin waɗanda ake cewa a littafi suna magana ba tare da baki ba. Na sa masa suna Yarima.

Sai mahaifiyar maigidana ta zo jinyar gwiwa. Likita ya ce ta riƙa tattaki, ta ce shi ya yi. Mama ba mai yawan magana ba ce. Tun da na shigo danginsu hirarmu ba ta wuce gaisuwa da ko gishiri ya ji. Da ta gan ni ina yi wa Yarima magana, cewa ta yi ba ta taɓa ganin mace da hankalinta tana lallashin gilashi ba.

Ana haka yayata ta haihu, na tafi taya ta zama na 'yan kwanaki. Saboda yaran gidanta masu ɓarna ne, na bar wa maigidan amanar Yarima. Shi kuma ya ce hannunsa kullum da maiƙo, ya miƙa wa Mama.

Anti, abin da na dawo na tarar! Yarima ya yi ƙiba, an sa masa wata hula mai ruwan ƙasa irin ta tsofaffi, an canza masa suna zuwa Auta. Na kira Yarima har muryata ta dushe, ya shinshina gilashin ya koma ya kwanta. Mama kuwa gyaran murya kawai za ta yi ya zauna. Har kofi suka ciwo a gasar cafke faifai ta cikin wasan, gasar da ni kullum nake zuwa ta ƙarshe. Kowace safiya tana sauka daga bene da jaka a hammata, ta zagaye unguwa, tana gaya wa maƙwabta yaron ne yake son shan iska. Maigidana shi ne autanta na gaskiya, yanzu idan ta kira Auta ya amsa sai ta ce ba da shi take ba. Ni kuma an ce na sangarta kare da kayan zaƙi, wai renon 'yan zamani.

To jibi za ta koma gidanta. Ta ɗinka wa na'urar 'yar jaka da tsohon zaninta, har da aljihun caja. Ba ta tambaye ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, wai duk Asabar in riƙa zuwa ina yi masa wanka, domin hannunta na rawa, kumfa ba ta tashi. Wai kuma in taho da littafi ɗaya in karanta mata, ta ji abin da ke ƙona tukwane. Daga uwa na koma mai wanki da wanka! Maigidan ya ce ba zai shiga tsakanin uwarsa da matarsa a kan karen da ko gashi ba shi da shi ba.

A littafi, da jarumar ta sungume shi ta gudu cikin ruwan sama. Na leƙa taga, rana ce fetal. Akwai wani maɓalli da ke goge komai a sake daga farko, na daɗe ina kallonsa. In danna? In buɗe baki in ce a ba ni abina? Ko in bari a tafi da shi?

Wadda aka raba da Yarimanta

*

Ƙanwata, na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Amma na gama dariyar na sake karantawa.

Da farko, ki janye yatsanki daga wannan maɓalli. Ba kare za ki goge ba, tattakin Mama za ki goge, kuma ba za ta manta ba.

Kina da gaskiyarki. Abinki ne, ya kamata a tambaye ki, kuma wanda ya fara sakin amana shi ne mai cewa ba ruwansa. Ki gaya masa haka cikin natsuwa, bayan ya ci abinci. Kewar da kike ji ma ba shirme ba ce; wuni a ɗaki ba mai amsa miki magana abu ne mai nauyi.

Sai dai ki sake duba wasiƙarki. Matar da ta zura zare a allura ta ɗinka jaka har da aljihu, ta kuma ci gasar da ta gagare ki da wannan tsinken roba, ita ce hannunta ke rawa wajen wanka? Hannun Mama lafiyarsa ƙalau. Ke take so ki riƙa zuwa, bakinta ne bai saba faɗin irin wannan ba, shi ya sa ta aiko kare ya faɗa.

Saboda haka kada ki jira a tafi da shi. Ki yi masa caji ya cika, ki sa shi a jakar da hannunki, ki miƙa mata, ya zama kyauta ba ƙwace ba. Ranar Asabar ki je. Ki zaɓi littafin da ba za ki riƙa tsallake shafi a gaban surukarki ba. Wata abokiyar aikina da ta san wasan ta ce gidan karen da ke cikin na'urar yana ɗaukar kwikwiyo na biyu. Ki samo naki a can, ki koya masa muryarki, ku ga renon wa zai fi.

Sauran kwanakin mako kuma, ki lura akwai mutum a gidanki da aka ƙwace wa suna, ga sunan Yarima ba mai shi. Ki gwada shi a kan mai gyaran firji. Ba lallai ya amsa ranar farko ba, amma kin san yadda ake yi: ki yi ta kira har ya gane muryarki.

Allah Ya ƙara wa Mama ƙarfin gwiwa, Ya sanya albarka a gidanki, Ya kuma kiyaye sauran tukwanen.

Antinku